Yashi a Aljihun Babanku

Na ba ku labarin yadda na fara da tallar ɗankwali a Kantin Kwari, na ba ku labarin zuwanmu Guangzhou ni da babanku, da shagon da muka kama a Sanyuanli muna haɗa wa mutanen gida kayan sawa muna turawa. Duk wannan mai sauƙi ne. Yanzu na iso shekarar da nake ta kewayewa, shekarar da babanku ya rasu aka binne shi a ƙasar Sin babu ɗansa ko ɗaya a kan gawarsa. Na san abin da ake faɗa a gida, kada ku zaci bai zo kunnena ba. An ce Hajiya Binta ta riƙe miji marar lafiya a ƙasar wasu don kada shago ya rufe. Ban taɓa tanka wa kowa ba. Kai Abba, kai ne ɗan fari, ko sunanka na yanka ban taɓa kira ba, balle in tsaya ina sa-in-sa da kai a waya. To amma yau zan faɗa, kuma da kai nake, ƙannenka su saurara daga gefe.

A gida an gaya muku babanku ya yi karatun injiniya a Turai. Gaskiya ne, sai dai rabinta aka ba ku. Tun yana saurayi aka tura su Budapest, a ƙasar Hungary, kuma kafin ya gama sai tallafin karatun ya yanke. Abokansa suka tattara suka dawo, shi ya ce ba zai dawo hannu rabbana ba, ya nemi aiki a garejin jiragen titi. Jirgin titi kamar jirgin ƙasa yake amma gajere, layin dogonsa a shimfiɗe tsakiyar kwalta tare da motoci, yana jan wuta daga wata waya da aka ɗaura a samansa tun daga farkon hanya har ƙarshenta. Su can tiram suke ce masa. Aikin babanku shi ne duba birki, da shafa giris, da cika akwatin yashi. Kowane jirgi yana da akwatin yashi kusa da ƙafafunsa. In ganye ya zubo ruwa ya jiƙa shi, ko ƙanƙara ta sauka, ƙarfen dogo yakan yi santsi, a taka birki jirgin ya ƙi tsayawa. Sai direba ya saki yashi a kan dogon, ƙafa ta samu abin kamawa. Shekaru ya yi yana wannan aikin, kuma yana son sa, wallahi yana son sa. Da ya dawo Kano babu takardar digiri, ya zauna a zauren gidansu yana ba da labari da murnarsa, sai wansa Yaya Sule ya katse shi a gaban jama'a.

"An tura ka ka zama injiniya, ashe yaron mota ka je ka zama."

Aka yi dariya. Daga ranar babanku ya ɗinke bakinsa, ya shiga kasuwa. Ni kaina sai da na haifi Rabi kafin na san ainihin abin da ya yi a Turai.

Sau ɗaya na ga birnin Budapest da idona. Mun riga mun manyanta, mun je sarin kaya Istanbul, ya yi ta fafutukar biza har ya samo mana, ya ce sai ya nuna min inda ƙuruciyarsa ta ƙare. Lokacin zubar ganye ne, ga sanyi mai shiga ƙashi, ni kuwa sai mita nake, ina cewa an baro kasuwa an zo kallon ƙarfe. Shi ko a jikinsa. Ya hau da ni tsofaffin jiragen, masu ruwan ɗorawa, masu matakala mai tsawo da sai na tattare zane kafin in hau, suna tafe a bakin kogi suna ƙara kamar za su wargaje. Ya hau da ni sababbin, dogaye, ƙasansu daidai da dandamali, ka danna maɓalli ƙofa ta buɗe, suna tafiya shiru. Sababbin ba su burge shi ba, ya ce ba su da murya. Amma da muka sauka sai na ga babanku, dattijo da babbar rigarsa, ya durƙusa bakin dogo, ya dangwali wani abu da yatsa, ya ɗago yana dariya.

"Binta, duba! Yashi ne. Duk gayunsu ba su rabu da shi ba, ɓoye akwatin kawai suka yi."

A hanyar komawa masauki muka sake shiga tsohon jirgin. Ya zauna jikin taga yana kallon waje, har na zaci gajiya ce. Can sai ya ce,

"Kin san yadda Baba ya rasu?"

"Zazzaɓi aka ce min."

"Ba zazzaɓi ba ne."

Abba, kakanka ne wannan, wanda ka ci sunansa. Babanku ya ce da tsufa ya kama shi sai kansa ya ruɗe. Ya fara gaisawa da mutanen da suka daɗe da rasuwa, wata rana ya fita masallaci babu wando. Gida ne na mutunci, ana tsoron bakin unguwa, ana tsoron a ce akwai hauka a zuriya a ƙi auren 'yan matan gidan. Sai aka kai shi ɗakin baya na kusa da turken awaki, aka sa kwaɗo. Mai zuwa gaisuwa a ce masa Malam ya tafi ƙauye. Ba mugunta ba ce a wurinsu, rufin asiri suke kira. Tsohon yakan ɗauki cokalin abincinsa ya yi ta buga ƙofa, yana cewa a buɗe masa zai makara kasuwa. Haka ya yi ta bugawa har ƙarfinsa ya ƙare, kuma a ɗakin ya cika. Babanku ya ce wannan bugun ne ya sa da aka ce ga tafiya Turai bai waiwaya ba.

"Idan abin nan ya biyo jini ya zo kaina, kada ki bari a rufe ni."

"A'uzu billahi! Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Wace irin magana ce wannan a cikin jirgi?"

"Ki ce kin yi alkawari. Kuma kada yara su ji, musamman mai sunan Baba."

Na yi alkawarin don ya bar maganar, na kuwa manta da ita shekara da shekaru.

A nan Guangzhou abin ya zo, a hankali. Mutumin da ya san kowane lungu na kasuwar Shahe, wanda baƙi daga Kano da Maraɗi suke bin bayansa don kada su ɓata, sai ga shi ya tsaya tsakiyar layi yana waige-waige. Ya fara yi wa masu shago wani yare da ba na Sin ba, ba Turanci ba, daga baya na gane na Hungary ne. Ya yi sallar La'asar ya sallame, ya tashi ya sake tayarwa. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, ba ya warkewa, sai dai lallaɓawa. A waya na riƙa ce muku jikin da sauƙi, don abin da ake cewa ke nan. A gida kuwa ba ya zama, ba ya ci sai da faɗa, daga ɗaki zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa ɗaki, yana cewa an bar jirage babu mai dubawa. Ni kuma na zama "baiwar Allah", sunana ya fita daga kansa. Wata safiya dole ta kama ni in je wajen masu lodin kaya, na ce bari in kulle shi in yi sauri in dawo. Tun daga matakalar bene na jiyo ƙarar. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Na buɗe na same shi tsaye da cokalin shayi a hannu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar mutuwar uwata. Ban sake juya makulli a kansa ba, duk inda za ni yana gefena.

A haka ne wata rana na raka wata baƙuwa wajen baje kolin kaya da ke can bakin kogi, shi ma yana biye. Muna tafe sai na ji an ja mayafina. Ya tsaya cak yana kallon ƙasa. Layin dogo ne guda biyu kwance cikin ciyawa, ga kogi a gefe. Ban ma san akwai jirgin titi a garin nan ba, duk shekarun da na yi daga bas sai jirgin ƙarƙashin ƙasa. Sai ga shi ya taho, sabo fil, ya tsaya. Babanku ya kama hannuna, abin da bai taɓa yi a bainar jama'a ba, ya ce,

"Binta, yi sauri, namu ne."

Sunana ya kira. Na bar baƙuwar nan tsaye da jakarta na bi shi.

Ya zauna jikin taga, ɓangaren ruwa, kafaɗunsa suka sauka. A ganinsa Budapest yake, kogin nan kuma wancan kogin ne. Ya riƙa gaya min sunayen tashoshi da yarensu, yana nuna min gadar da babu ita. Abu ɗaya ne ya dame shi. Da muka sauka ya ɗaga kai sama bai ga waya ba, don irin na nan a tasha suke shan wutarsu su ajiye a ciki, su yi tafiya da ita. Ya je wurin matar da ke tsaron tashar yana nuna sama da yatsa, ita kuma tana kaɗa hannu tana cewa "meyo, meyo", wato babu. Ya dawo yana girgiza kai.

"Sun cire waya ba su gaya wa kowa ba. To Allah ya sa sun bar yashi."

Ranar ya ci abinci da kansa, ya yi barcin rana. Washegari tun da hantsi ya sa rigar sanyinsa ya tsaya bakin ƙofa, babu bugu, babu faɗa, jirana kawai yake. Haka muka mayar da shi aikinmu. Mu shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa daga Sanyuanli, mu canja, mu fito wajen wata doguwar hasumiya da ke bakin kogi, mu hau jirgin titi zuwa ƙarshen layi mu dawo, wani lokaci mu sake. A bayan gidanmu ana wani gini, kullum sai ya tsaya ya cika aljihu da yashi. In an yi ruwa, kafin jirgi ya iso sai ya ɗan barbaɗa a kan dogo, kaɗan, kamar mai sa gishiri a miya. Da farko matar tashar ta yi masa tsawa, da na nuna mata kaina na juya yatsa sai ta gane, daga baya har "lawban" take ce masa, wato maigida, in ta hango mu. Masu cewa shago na tsare, su je su tambayi Hajiya Mariyama 'yar Zinder, maƙwabciyata, wadda na bar wa makullin. Masu sayen kayana na shekaru sun watse a shekarar nan, don mai kaya ba ta zama. Ban damu ba. A cikin jirgin nan kaɗai mijina yake sanina.

Sai labari ya kai gida, don Kano da Guangzhou ba su da nisa a bakin 'yan kasuwa. Wani ya ce ya ga Alhaji yana wasa da ƙasa a titi. Yaya Sule ya tara ku, aka yanke shawara ba da ni ba, aka turo ka da tikiti. Na yi murnar ganinka, Allah ya sani, na dafa maka tuwon shinkafa da miyar kukar da nake ta ɓoyo. Kana ci kana yi min bayani, da zuciya ɗaya.

"Umma, an gama shiri. Baffa Sule ya sa an gyara masa ɗaki a gidan gado, can baya inda babu hayaniya. An yi fenti, an sa wa tagar ƙarfe saboda tsaro. Malamai za su riƙa zuwa, ba mai ganinsa sai na gida."

Tuwon da ke hannuna ya koma kwano. Na san ɗakin, kai ne ba ka san shi ba. Na ce ka yi min abu ɗaya, gobe ka bi mu ka gani da idonka, sannan mu yi magana. Na sa rai in ka ji ya kira sunana, ka ga yadda fuskarsa take sakewa, za ka fahimta ba sai na karya alkawari ba.

Ranar ta zo da ruwa. Tun a hanya babanku yake kallonka yana tambayata wane ne wannan bawan Allah, na ga abin ya soke ka, ka haɗiye. Muka isa tasha. Ya ga dogo a jiƙe, ya sa hannu a aljihu ya durƙusa. Ga wasu samari 'yan yawon buɗe ido a gefe, suka ɗaga wayoyi suna ɗauka suna dariya, baƙin tsoho da farin gemu yana zuba wa jirgi ƙasa. Kafin in yi motsi ka riga ka kai kansa. Ka ɗaga shi tsaye, ka zazzage aljihun a kan dandamali, ka kakkaɓe masa hannu. Ban ga laifinka ba, ɗa ne ya ga ana yi wa ubansa dariya. Amma ka tuna abin da ya ce, yana kallon yashin da ruwa yake tafiya da shi?

"Yallaɓai, akwai mutane a ciki. In ya zame fa?"

Ya ƙi hawa ranar. Muka juyo gida. Da muka shiga ka rufe ƙofa ka ce,

"Umma, mutumin da yake jan mu sallah a masallacin layinmu, shi kika mayar abin kallo a ƙasar wasu? Gara ya zauna a ɗaki cikin mutuncinsa."

Ka kira Yaya Sule ka buɗe muryar wayar. Ya yi ta faɗa, ya ce ni mace ce, aurena aka yi, su ne danginsa, su ne masu iko da shi da rai da mutuwa. Ban taɓa ɗaga wa mutumin nan murya ba tunda aka kai ni gidansu, ranar ma ban ɗaga ba. Na bari ya gama na ce,

"Yaya, na san ɗakin. Na san wanda ya zauna a ciki."

Sai ya kashe wayar. Ka dube ni kana jiran bayani. Bakina ya cika da magana, ga alkawari, ga kunyar ɗan fari, ga sunan da kake ɗauke da shi. Abin da ya fito kawai shi ne, fasfo ɗin babanku yana hannuna kuma ba zan bayar ba. Ka tafi filin jirgi ba ka yi min sallama ba. Babanku ka durƙusa ka gaisar, ya ce maka a sauka lafiya, a kula da matakala.

Bayan tafiyarka sai da ya yi kwanaki kafin ya yarda ya koma tashar. Ya koma, mun samu sauran watannin zafi da farkon sanyi, yana cika aljihunsa ina riƙe masa lema. Ba zan ce muku ya warke ba, kullum raguwa yake, har sunayen tashoshin suka gudu, ya rage daga "Binta" sai "namu ne". Da sanyi ya kankama ciwon ƙirji ya kama shi, aka kwantar da shi asibiti, ya cika da safe ina shafa masa ruwa a leɓe. Aka ce in ana so a kai shi gida sai an ajiye shi a firjin gawa ana bin takardu, mako da makonni. Na ce mutumin da na hana a rufe da rai, ba zan sa a rufe shi a akwatin ƙanƙara ba. Mutanenmu na nan suka yi masa wanka da sutura, 'yan kasuwa da ɗalibai suka cika sahu, aka kai shi maƙabartar Musulmi. Bizarka ba ta fito ba sai bayan an share makoki. Na san abin da na hana ka, Abba. Na hana ka ɗaukar makarar ubanka, na hana ka zuba masa ƙasa, kuma babu abin da zan ba ka ya maye wannan. Da ka kira, kalma kaɗan ka faɗa.

"Shi ke nan, Umma. Kin samu yadda kike so."

Tun daga nan gaisuwarka ta bakin Rabi take zuwa, sallah zuwa sallah. Abin yana ci na, ba zan ɓoye ba. Amma in aka mayar da ni ranar da ka zo da tikitin nan, abin da na yi shi zan sake yi.

Yaya Sule ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, shi ma abin da ya gada ya yi. Rabin alkawarin na cika shi, rabin kuma yau na karya da wannan rubutun, kuma ina da dalili. Rigar sanyin babanku tana rataye a bayan ƙofa, da sauran yashi a aljihun, ban wanke ba. Kwanan baya na sa hannu a ciki na tsaya ina tunanin wane ne ya zuba ƙasa a rigar mutane. Sai da na zauna kafin abin ya dawo min. Kafin wannan na sauka a tashar da ba tamu ba, a hanyar da nake bi tun kafin a yi wa Rabi aure, na rasa gabas na rasa yamma sai da Hajiya Mariyama ta zo ta same ni. Na je wurin likitan da ya duba babanku. Bai faɗi abin da ban sani ba.

Shi ya sa nake sauri in rubuta tun sunayenku suna hannuna. Babanku ya yi sa'a, yana da jirginsa, yana da wadda ta san inda za ta kai shi. Ni ba ni da wani birni a kaina da zan gudu can, ku kaɗai gare ni, kuma shawara a hannunka za ta kasance, don kai ne babba. Na gaji da ƙasar nan, ka zo ka ɗauke ni, ba zan riƙe fasfo ba. In na fita ba mayafi ka mayar min, in an yi dariya ka daure. Ka kai ni duk gidan da ka ga dama, Abba, amma ka bar ƙofar a buɗe.